Yadda Ake Sanya Alamar Gargaɗin Ƙarfin Wuta a Kan Soket: Jagora Ga Masu Aikin Lantarki da Masu Gidaje a Kumasi

Wutar da kamfanin rarraba lantarki na Ghana, wato ECG, ke kaiwa gidajen Aboabo, Asawase da Sabon Zango tana zuwa ne da ƙarfin bolt 230 tsakanin wayar wuta da nutural, wato wayar da wuta ke komawa ta cikinta, a kan bugu 50 cikin daƙiƙa, kuma soket mai ramuka uku masu kusurwa huɗu, irin na Ingila, shi ne wanda kowa ya sani a bango. Duk wanda ya ga wannan soket ɗin, ko da bai taɓa riƙe filaya ba, ya riga ya ɗauka cewa bolt 230 ne a cikinsa, don haka babu amfanin a manna masa takardar gargaɗi. Inda alamar gargaɗi take da aiki shi ne wurin da wannan zato zai yaudari mutum: soket mai kama da na kullum amma ƙarfin da ke cikinsa daban ne, ko akwati ɗaya da layukan wuta biyu suka haɗu a ciki, ko wayar da za ta ci gaba da ɗaukar wuta bayan an kashe babban makunni. Irin waɗannan wurare sun yi yawa a Kumasi, musamman a shagunan Suame Magazine da wuraren aikin katako na Sokoban, inda injunan fes uku, wato masu aiki da wayoyin wuta uku maimakon ɗaya, ke zaune kafaɗa da kafaɗa da soket ɗin da yaran shago ke cajin waya.

Dokar da ta hau kan aikin

Dokar da ke kula da wayarin a Ghana ita ce ƙa'idojin wayarin na shekarar 2011, waɗanda aka fi sani da L.I. 2008, kuma Hukumar Makamashi ta ƙasa ce ke tabbatar da bin su. Dokar ta ce wanda hukumar ta ba takardar shaida ne kaɗai zai yi wayarin a gini, ta ce kayan da za a yi aiki da su su zama waɗanda suka dace da ma'aunin ƙasa, sannan ta hana kamfanin rarraba wuta ya haɗa sabon gini sai an nuna takardar kammala aiki da gwaji. Bayanin yadda za a yi aikin kansa yana cikin ma'aunin GS 1009 na Hukumar Ma'aunai ta Ghana. Takardun shaidar ma kashi-kashi ne, akwai na gidajen zama, na wuraren kasuwanci da na masana'antu, abin da ya kamata mai shago ya lura da shi kafin ya ɗauko mai wayarin gida ya ce ya haɗa masa injin walda.

Tun da aikin lantarki a ƙasar nan ya taso ne a kan tsarin Ingila, littafin ƙa'idojinsu, BS 7671, wanda bugu na 18 ya fito a shekarar 2018, yana hannun malaman makarantun fasaha da masu duba aiki da yawa. Sashe na 514.10.1 na littafin shi ne ya yi magana kan gargaɗin ƙarfin wuta, kuma abin da ya ƙunsa shi ne: duk na'ura ko akwatin da ke ɗauke da ƙarfin da ya haura bolt 230 zuwa ƙasa, a wurin da ba a saba tsammanin irin wannan ƙarfi ba, dole a ga gargaɗin mafi girman ƙarfi zuwa ƙasa da ke ciki tun kafin hannu ya kai ga abin da ke da wuta. A nan ne masu aiki ke yawan musu. A tsarin fes uku na yau da kullum, ƙarfin kowace waya zuwa ƙasa 230 ne, ko da yake tsakanin fes da fes ya kai 400, saboda haka a zahirin lafazin sashen, soket biyu da ke kan fes daban-daban ba lallai ne a yi musu alama ba. Tsofaffin bugu na littafin sun ƙunshi sakin layi kan akwatuna daban-daban waɗanda mutum ɗaya zai iya taɓawa lokaci guda, kuma daga can ne mastoci da dama suka gaji al'adar manna alamar bolt 415 a irin wannan wuri. A ganina al'adar tana da kyau a riƙe ta a Kumasi, domin a nan ginin da aka yi wa wayarin sau ɗaya hannaye biyar ne za su bi ta kansa cikin shekaru, kuma da wuya a sami zanen wayarin da aka bar wa na baya.

Mataki na farko: zagaya ginin ka rubuta tushen wuta

Kafin a sayi sitika ko ɗaya, mai aikin ya ɗauki takarda ya fara daga bakin mita. Ya duba ko wayoyi biyu ne suka shigo daga falwaya ko huɗu, wato fes ɗaya ko fes uku, sannan ya duba ko mita ɗaya ce ke ciyar da ginin ko fiye da haka. A gidajen haya na zango wannan batu ne babba, domin akan sami gida ɗaya da mitoci huɗu ko biyar, kowane ɗan haya da tasa, kuma babu tabbacin cewa duka daga fes ɗaya aka jawo su. Wurin da aka fi samun haɗuwarsu shi ne kicin na tsakar gida da baranda, inda kowa ya jawo soket ɗinsa don firji ko dutsen guga.

Bayan wutar kamfani, a rubuta sauran tushe. Tun shekarun dumsor, wato yawan ɗaukewar wuta, musamman daga 2012 zuwa 2016, gidaje da shaguna da yawa suka samu janareta, inbata da batura, wasu kuma suka ɗora sola a rufi. A rubuta kowanne, da inda yake shiga wayarin gidan, da soket ɗin da yake ciyarwa. A ƙarshe a tambayi mai gida ko akwai taransifomar rage ƙarfi a wani ɗaki, domin 'yan'uwan da ke Amurka sukan aiko da firji, injin wanki ko na'urar markaɗe da aka ƙera don bolt 120, kuma sau da yawa akan ɓoye taransifomar a bayan kabad a jawo mata soket a bango ba tare da wata shaida ba.

Mataki na biyu: aunawa

Wannan shi ne matakin da ya fi kowanne nauyi, kuma aikin mai takardar shaida ne kawai. Mai gida da yaron da bai gama koyo ba su tsaya su kalla. Alamar da aka rubuta bisa zato ta fi rashin alama haɗari, domin wanda ya zo daga baya zai amince da ita ya saki jiki.

Testa mai ƙaramin ƙwai a gindi, wadda ke aljihun kowane mai gyaran wuta, ba ta isa ba a nan. Tana nuna cewa akwai wuta, amma ba ta faɗin ko 120 ce, ko 230, kuma a cikin hasken rana ma da ƙyar ake ganin ƙyallinta. Abin da ake bukata shi ne ma'aunin bolt mai baki biyu ko maltimita mai darajar kariya ta CAT III wadda ta kai bolt 600, da wayoyin gwaji waɗanda robarsu ba ta tsage ba. Ƙa'idar ita ce a fara gwada na'urar a wurin da aka tabbata akwai wuta, a auna abin da ake son aunawa, sannan a sake gwada ta a wurin farko, don kada a ɗauki mutuwar batirin na'ura a matsayin rashin wuta a waya.

A kowane soket ana ɗaukar awo uku: wayar wuta zuwa nutural, wayar wuta zuwa wayar ƙasa, wato wayar kariya da aka haɗa da sandar da aka kafa a ƙasa, da nutural zuwa wayar ƙasa. Biyun farko su nuna kusan 230, na ukun kuma ya tsaya kusa da sifili. Idan nutural ce ta nuna 230 zuwa ƙasa, an juya wayoyin ne, kuma wannan gyara yake bukata nan take, ba alama ba. Idan wayar wuta zuwa ƙasa ba ta nuna komai ba, to wayar ƙasa ta tsinke ko ba a taɓa haɗa ta ba, abin da ake yawan gani a ɗakunan da aka ƙara gina su daga baya.

Don gane ko soket biyu da ke kusa da juna suna kan fes ɗaya, ana auna tsakanin ramin wuta na wannan da ramin wuta na wancan. Idan fes ɗaya ne, awon zai tsaya kusa da sifili. Idan fes daban ne, zai nuna kusan 400. Mutane kan yi mamakin me ya sa ba 460 ba, tun da 230 biyu ne. Dalilin shi ne fes ɗin uku ba sa kai ƙololuwarsu lokaci guda, akwai tazarar digiri 120 tsakanin kowanne da na gaba, shi ya sa ƙarfin da ke tsakaninsu yake zama 230 sau 1.73, wato kusan 398, wanda ake kira 400. Tsofaffin alamu da ke cewa 240 da 415 suna magana ne kan wannan wutar dai, bisa tsohon lissafi.

Akwai wuri ɗaya da ake mantawa da shi, kuma ya fi soket kansa haɗari: makunnin fitila mai maɓalli uku ko huɗu a masallaci, makaranta ko babban shago, inda aka raba fitilun a kan fes daban-daban don daidaita nauyi. Mai gyara zai kashe bireka ɗaya, fitilar da yake son gyarawa ta mutu, ya kwance murfin, alhali sauran wayoyin da ke cikin akwatin nan ɗaya suna da wuta, kuma tsakaninsu bolt 400 ne. Irin wannan akwati a kashe masa dukkan birekokin da ke ciyar da shi kafin a buɗe, a auna kowace waya, a rubuta yawan layukan da suka shigo.

Mataki na uku: raba abin da za a gyara da abin da za a yi wa alama

Da an gama awo za a ga cewa wasu wuraren ba alama suke bukata ba. Na farko shi ne soket na bolt 120 da aka yi da irin soket ɗin gida, ko kuma da soket ɗin nan mai karɓar kowane irin fulogi wanda ya cika kasuwa. Ƙa'idar wayarin ita ce fulogin wani ƙarfi kada ya iya shiga soket ɗin wani ƙarfi daban. Na'urar bolt 120 da aka cusa a 230 tana samun kusan ninki biyu na ƙarfi, kuma idan mai ɗumama abu ce zafin da take fitarwa ya kusan ninka sau huɗu, don haka ƙonewarta ba ta ɗaukar lokaci. Maganin shi ne a sa soket irin na Amurka mai siraran ramuka a layin taransifoma, a bar soket irin na Ingila ga wutar kamfani, sannan alamar ta biyo baya a matsayin ƙari. A kuma sani cewa yawancin ƙananan taransifomomin da ake sayarwa naɗin waya ɗaya gare su, ba su raba ɓangaren shiga da na fita ba, saboda haka idan aka juya wayar wuta da nutural a wajen shiga, ɗaya daga cikin ramukan fitar zai ɗauki 230 zuwa ƙasa ko da awon tsakanin ramukan biyu yana nuna 120. Taransifoma kuma ba ta sauya bugun wuta, injin da aka ƙera don bugu 60 zai juya a hankali a kan 50.

Na biyu shi ne wayar janareta mai fulogi a kowane baki, wadda ake cusawa a soket don mayar da wuta cikin gida. Babu alamar da za ta halatta wannan. Ƙafafun fulogin da ke hannu suna ɗauke da wuta a fili, kuma idan ba a kashe babban makunni ba, wutar tana komawa layin kamfani inda ma'aikaci zai iya kasancewa a kan falwaya yana zaton layin a mace yake. A cire ta a sa makunnin sauya wuta na gaskiya, wanda ba zai bari tushe biyu su haɗu ba.

Na uku shi ne injin fes uku da aka haɗa wayoyinsa kai tsaye a bango da salatif. Wannan yana bukatar soket ɗin masana'anta na ma'aunin IEC 60309, wanda launinsa kansa gargaɗi ne: rawaya na bolt 100 zuwa 130, shuɗi na 200 zuwa 250, ja na 380 zuwa 480. Suna zuwa da girman amfiya 16, 32, 63 da 125, kuma an ƙera su yadda fulogin wannan launi ba zai shiga soket ɗin wancan ba.

Abin da ya rage bayan wannan tacewa shi ne ainihin jerin wuraren alama: akwatin rarraba wuta na fes uku, makunnai da akwatunan haɗa waya masu ɗauke da fes fiye da ɗaya, soket masu kusanci da ke kan fes daban, soket ɗin taransifoma, soket ɗin da inbata ke ciyarwa, da wayoyin sola. Na ƙarshen nan a kula da su sosai, domin faifan sola da aka jera a layi ɗaya suna iya haɗa ɗaruruwan bolt, kuma muddin rana na haskawa wutar tana nan ko an kashe komai a cikin gida.

Mataki na huɗu: abin da za a rubuta da inda za a manna

Alamar haɗarin lantarki da duniya ta amince da ita ita ce dala mai kusurwa uku, cikinta rawaya, gefenta baƙi, da zanen walƙiya baƙi a tsakiya. A ma'aunin ISO 7010 lambarta W012. A ƙarƙashinta a rubuta adadin ƙarfin da manyan lambobi, misali 400 V, kuma a sa mafi girman ƙarfin da ke wurin, ba matsakaici ba. Alamun da ake sayarwa da Turanci suke zuwa, kuma da shi mai duba aiki zai karanta, amma babu laifi a ƙara kalmar HATSARI a ƙasa. A shago ɗaya a Magazine za a iya samun mai jin Twi, mai jin Hausa da wanda ya zo daga Burkina Faso da Faransanci, kuma abin da dukkansu za su gane nan take shi ne walƙiyar da lambar, shi ya sa su ne ya kamata su fi girma.

Ga soket biyu masu fes daban, rubutun ya nuna cewa 400 ɗin tsakanin soket ɗin biyu yake, kada mai shago ya ɗauka kowannensu 400 yake bayarwa ya daina amfani da su. A kuma rubuta sunan fes a kan kowanne, L1, L2 ko L3, da lambar birekar da ke kashe shi. Ga soket ɗin inbata, a rubuta cewa yana da wuta ko an kashe babban makunni, a kuma faɗi inda makunnin inbatar yake. Irin wannan sanarwa ta tushe biyu ana manna ta a bakin mita, a kan akwatin rarraba wuta, da kowane wurin da ake katse ɗaya daga cikin tushen.

Wurin mannawa shi ne inda ido zai gani kafin sukundireba ta taɓa kusa, wato a fuskar murfi ko a bango dab da shi. Tun da murfi yakan ɓace ko a musanya shi da na wani akwati, yana da kyau a ƙara ta biyu a ciki. Salatif ɗin takarda da aka rubuta da maka ba ya jure zafin shago, ƙurar hunturu da danshin daminar Kumasi. Cikin 'yan watanni rubutun zai dushe ko ya ɓare. A cikin ɗaki sitikar roba ta isa, idan an goge wurin daga maiko da ƙura aka bari ya bushe. A waje da wuraren walda da niƙa, farantin roba da aka sassaƙa rubutu a kansa aka ɗaure da kusa shi ya fi, sai dai kada a huda akwatin da aka ƙera don hana ruwa shiga, a ɗaure farantin a bangon gefensa.

Tun da an riga an buɗe akwatin rarraba wuta, a duba launin wayoyi. Tsohon tsari ja, rawaya da shuɗi ne na fes, baƙi na nutural; sabon tsari kuma ruwan ƙasa, baƙi da ruwan toka ne na fes, shuɗi na nutural. Ma'ana, baƙar waya da shuɗiya sun yi musayar aiki, kuma a ginin da aka yi wa ƙari ana iya samun duka biyun a akwati ɗaya. Idan haka ne, a sa wa kowace waya zoben shaida mai harafi, a kuma manna sanarwa cewa ginin yana ɗauke da launuka iri biyu. A wurin sandar ƙasa a ɗaura alamar da ke hana cire wayar, domin masu aikin famfo da masu share fili sukan ɗauke ta a matsayin wayar banza. Idan akwai na'urar da ke katse wuta idan ta zurara zuwa ƙasa, mai milli-amfiya 30, a manna tunatarwar danna maɓallin gwajinta duk wata shida.

Mataki na biyar: takarda da miƙa aiki

A rubuta jadawalin layuka a manna shi a cikin ƙofar akwatin rarraba wuta: lambar bireka, girmanta, fes ɗin da take kai, da ɗakin da take ciyarwa. A ɗauki hoton kowace alama da wayar hannu, a ba mai gida kwafi ɗaya, mai aikin ya riƙe ɗaya, domin su ne za a nuna wa mai duba aiki na Hukumar Makamashi idan lokacin binciken ginin ya yi, musamman ginin da wayarinsa ya haura shekara 10. Daga nan mai aikin ya zagaya da mai gida ko mastan shago, ya nuna masa kowace alama da bakinsa, ya kuma sa shi ya kashe babban makunni da hannunsa ya ga waɗanne soket ne suka rage da wuta.

Mai gida kuma ya sani cewa alamun suna tsufa da sauyin wayarin. Duk ranar da aka ƙara mita, aka mayar da wani layi kan wani fes don wancan ya yi rauni, aka sa sabuwar inbata, ko aka yi wa bango fenti, sai a sake aunawa a gyara rubutun ya dace da abin da ke cikin waya. Idan kuma aka ga fitilun wani ɓangaren gida sun yi haske fiye da kima yayin da na wani ɓangaren suka dushe, a ginin da ke da fes uku, wannan yakan nuna nutural ta tsinke, kuma soket na 230 zai iya hawa ya doshi 400. A kashe babban makunni nan take, a cire na'urori daga soket, a kira mai takardar shaida, a kuma sanar da ofishin ECG na yankin idan tsinkewar daga ɓangaren falwaya take.